Hatimin Iya Tomeko

Litinin, 3 ga Yuni
Na gaji. Ƙauyuka shida, gwiwa na ciwo, rabin tofu, wato awarar da na ɗauka sayarwa, ya dawo. A rediyo sun sake tado maganar nan: wai mu masu motar lantarki ba ma sayen mai, ba ma biyan harajin cikinsa, don haka a caje mu a kan kowace kilomita. Ni da kantina yake kan taya huɗu! Sai ka ce don gayu na sayi motar. Gidan man kwarinmu ne ya rufe, ya zan yi?

Laraba, 5 ga Yuni
Yaya Shigeharu ya zo cin abinci. Shekara talatin yana facin titi, har warin kwalta yake.
"Fusae, motar nan taki ta fi tsohuwar nauyi. Kina cinye mana titi a kyauta."
Na ce mutanen Tokyo da jirgin ƙasa ke tsaya musu a ƙofar gida ne za su koya mana adalci? Ya ce shi dai ramuka ya sani. Na ƙara masa shinkafa don ya yi shiru.

Asabar, 8 ga Yuni
In harajin ya tabbata, dole in rage zagaye. Wadda za ta fara fita ita ce Iya Tomeko. Shekara tamanin da shida, ita kaɗai a saman dutse, kilomita goma sha huɗu bayan gida na ƙarshe. Sayayyarta kifi ɗaya, madara, alewa. Ranar da na daina zuwa, ɗanta zai ɗauke ta zuwa Osaka. Ta ce gara ta mutu a gonar shayinta.

Talata, 11 ga Yuni
Na rubuta takardar ƙin amincewa, na maƙala a allon sanarwar da ke zagaya gida-gida. Kowa sai ya buga hatiminsa, shi ne sa hannunmu a nan.

Juma'a, 14 ga Yuni
Hatimi arba'in da ɗaya. Saura Iya, ni na kai mata har gida. Matar da ko sanarwar kwasar shara ce bugawa take ba ta duba ba, yau sai ta nemo tabarau. Ta karanta har sau biyu.
"'Yar nan, kwanar da ke ƙasan gidana tun bazara take tsagewa. Kuɗin gyaran daga ina?"
Na ce Iya, don ke fa nake wannan wahalar.
"Marigayi maigidana ya yi shekara arba'in yana sayen mai. Shi ya biya titin da kike hawa. Ke wa za ki biya wa?"
Ta mayar da hatimin cikin 'yar jakarsa. Raina ya ɓaci sosai. Har alewar na manta ban ba ta ba.

Lahadi, 16 ga Yuni
Ruwa.

Talata, 18 ga Yuni
Kwanar ta zabtare. Na ajiye mota, na goya kwando, na taka sauran da ƙafa. Na tarar da Yaya da mutanensa uku suna jera buhunan yashi. Bai yi min gori ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi babu kuɗin gina katanga bana, kuma hanyar da gida ɗaya ke ƙarshenta ita ake fara yafewa.

Alhamis, 20 ga Yuni
Ɗan Iya ya zo ɗaukarta. Wai na ɗan lokaci ne, har a gyara hanya. Kowa ya san ƙaryar. Shi da Yaya suka riƙo ta har ƙasan kwanar. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Da za ta shiga mota ta damƙa min abu a hannu.
"In kin rubuta wadda ke neman a gyara min titi, ki buga min."
Hatiminta ne. Abin da ko ɗanta ba ta taɓa bari ya riƙe ba.

Litinin, 24 ga Yuni
Yau ce ranar miƙa takarda a ofishin gunduma. Ban je ba, gwiwa. Ban ce Yaya na da gaskiya ba. Har yanzu bai kamata a caji mutanen dutse daidai da na birni ba, kuma ya kamata kuɗin ya tsaya a titunanmu. Na dai ɗauko farar takarda. Gida arba'in da ɗaya kuma, daga farko, wayyo ƙafata.
Layi biyu kawai na rubuta, na neman a gyara titin Iya. Na buga hatiminta a sama, nawa a ƙasa.