Kada ki kashe kwamfutar

Auta,

Na fita ɗauko mai gyara. Na kasa tashinki, ba ni da idon kallonki. Kada ki kashe kwamfutarki, kada ki taɓa komai.

Da safe na same ta a buɗe kan tebur, ga aikin da za ki miƙa yau a baƙin allon nan, batir na shirin mutuwa. Na ce bari in adana miki. Na danna maɓallan da kika koya min a kwamfutar shago. Ashe taki ba irin waccan ba ce. Layuka suka fara ɓacewa. Na ƙara dannawa su dawo, suka ƙara tafiya. Ko hanyar fita ban samu ba.

Na kira mai gyara a waya, ya ce a manhajar taki kowane harafi umarni ne. Ya tambayi me na danna. Wallahi ban sani ba. Sai ya ce in zo in ɗauke shi.

Na sa wa kwamfutar caji, abin da ya kamata in yi tun farko.

In aikin bai dawo ba, ki ba ni lambar oganki. Ni zan tsaya gabansa, ba ke ba.

Babanki