Tokar Baba a Robar Askirim

Zuwa ga ƙanena Lindsay,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kai da matarka Noelene kuna lafiya.

Kwana huɗu na yi ina addu'a kafin na ɗauki alƙalami, domin kada fushi ya rubuta a madadina. Ka gayyace ni garin Beachport na bakin teku ranar Asabar, ka ce yawon shan iska ne tun zafin Disamba, wato bazararmu ta nan, bai tsananta ba. Na yarda. Muka zaga gari a tsanake, muka ci soyayyen kifi da dankali a cikin takarda, har na yi dariya, abin da ban yi ba tun rasuwar Baba.

Sai ka ja ni ƙarshen gadar katakon da ta shiga cikin teku, inda masunta ke feɗe kifi a kan tebur, ƙarni ya cika wurin, tsuntsayen teku suna kokawa a kan hanji. Ka fito da robar askirim daga jaka, ka ce, "Yaya, ga tsohon nan, yi masa sallama." Da hannun da ke naso da man kifi ka zuba tokar gawar mahaifinmu da aka ƙone cikin wannan ƙazamin ruwa. Tsuntsaye suka yi caa a kai, sun zaci abinci ne. Kafin mu kai mota na amayar da abin da na ci.

Na tambayi kaina ko girman kai ne ke damuna. Wataƙila. Amma Fasto ya riga ya keɓe wuri kusa da kabarin Mama. Na ga ka rage rabi. Ka maido mini shi.

Yayarka,
Merle


Yaya Merle, uwar coci,

Muna lafiya. Noelene ta ce in ba ki haƙuri kan robar, ita ma ta wanke ni tas.

Amma ba ni na ƙirƙiro ba. A asibiti Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Kai, shekara hamsin ina kama jatan landen Beachport ina ci. Ka kai ni su ma su rama." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. A wannan teburin feɗe kifin ya tsaya tun yana saurayi, ƙarnin da ya sa ki amai shi ya biya mana kuɗin makaranta. Na ɓoye miki ne don na san da na faɗa, da ba ki zo ba.

Saboda ke na rage rabin. Yana kan firji. In kin ce kabari, ranar Lahadi zan kawo, har da kwat zan sa.

Naki,
Lindsay


Lindsay,

Salama a gare ka.

Ni ma ya faɗa mini, kwana biyu kafin ya cika. Na gyara masa matashi, na yi kamar ban ji ba, washegari na je wurin Fasto neman wuri. Ƙyamar da na ɗora maka, ni ce na fi cancanta da ita.

Kada ka kawo shi. Ka zo ka ɗauke ni ranar Asabar. Da hannuna zan zuba.

Yayarka,
Merle