Tuƙar Raken Yaya Salvu

Zuwa ga Yaya Dolor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya sanyin Melbourne, yaya gwiwar? Mu nan lafiya, an fara saran rake.

Neman asalin nan naki ya kawo mana baƙuwa. Kin tuna yawun da kika tofa a 'yar kwalba kika aika gwajin asali, wai ko mu jikokin sarakunan Malta ne, har kika yarda hukuma ta duba sakamakon? Sarki dai bai fito ba. 'Yar sanda ce ta zo daga Brisbane, mai fara'a da ladabi. Ta ce fatar da aka samu a farcen Noreen Haddow, yarinyar gidan burodin nan da aka shaƙe a gonar rake shekara arba'in da suka wuce, ta wani jikan kakanmu ce, namiji. Yawunki ne ya nuna musu gidanmu.

Duk mazan dangi mun ba da namu. An wanke ni, karon farko da gwamnati ta yaba min. Yaya Salvu kaɗai ya ƙi. Ya ce yawunsa ba na aro ba ne, mu da muka ga mace muka hau dalala mu ji da kanmu. Aka yi dariya, har da ni.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Leli

Zuwa ga Yaya Dolor,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina miki albishir: yayanmu ya koyi tsabta yana da shekara sittin da biyar. Mutumin da Mama ta rasu tana share tuƙar rakensa, yanzu in ya sha rake a aljihu yake zuba tuƙar, da yamma ya ƙone. Kofinsa ma ya daina bari a gidana. Wata farar motar 'yan sanda tana yini a bakin hanya, masu ita sun fi ɓeraye sanin bolarsa, ba su samu komai ba.

Shekaranjiya tari ya sarƙe shi a barandata, tuƙa guda ta faɗi bayan kujera. Tana cikin 'yar ledar da ke ambulan ɗin nan. Kada ki buɗe. Na kasa miƙa ta ga 'yan sanda da hannuna, shi ya goya ni zuwa makaranta. Na kuma kasa yarwa, don mahaifiyar Noreen na nan da rai, layinmu ɗaya a coci.

Jiya ya dawo yana leƙa ƙarƙashin kujerun. Ya ce, malam mai littafi, yaushe ka fara shara? Sai ya ce ran Asabar zai sa wa gonar bakin rafi wuta don ƙone ganyen raken kafin sara, ya sallami ma'aikata, mu biyu mun isa. Wai ni zan tsaya a can ƙarshe da tankin ruwa, inda iska ke kai wutar.

Ban taɓa ce masa a'a ba, in na fara yanzu zai gane. In Lahadi ta yi ba ki ji muryata ba, kin san inda za ki kai ledar.

Ki shafa min kan jikoki.
Ƙaninki, Leli