Shida da Bakwai

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Na gabatar da babi na uku na kundin digirina yau, kuma wallahi na yi ƙoƙari. Ba wanda zai karanta wannan, to bari in yabi kaina. Na tsaya gaban malamai na yi musu bayanin mutanen Yolngu na arewacin Ostireliya kamar a gidansu na girma. Yadda kowane dangi ke da zanensa. Ranar da za a yi wa yaro kaciya sai a kwantar da shi, a zana masa zanen danginsa a ƙirji da farar ƙasa da jar ƙasa, da ɗan burushin gashin mutum. In ya mutu, wannan zanen dai shi ake maimaitawa a jikinsa ko a murfin akwatin gawarsa, don a ganinsu da shi ruhinsa zai gane hanyar gida. Har na kawo hoton gungumen da gara ta rarake, wanda suke yi wa zane su zuba ƙasusuwan mamaci a ciki.

Ni ba imaninsu nake ba, aikinsu nake karantawa. Amma aiki ne na masu hankali.

Malamata ta ce, "Very good, Zuhra." Ita da ba ta cika yabo ba. Sai wani ɗan Indonesiya ya ɓata min rai. Ya nuna kuncinsa ya ce, "Your face, same thing?" Na ce a'a, nasu fasaha ce, nawa wanzami ne da aska. Aka yi dariya. Ashe hodar da na lafta ba ta rufe komai ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na je asibitin fata. Likitar ta ce na'urarsu ba za ta share tsagar gaba ɗaya ba, amma za ta dusashe ta sosai. Ta ba ni Asabar, 26 ga wata. Na gaji. Tun da na zo Malesiya nake amsa tambaya ɗaya: kyanwa ce ta yakushe ki? Yara a jirgin ƙasa su zuba min ido tun daga tashar Taman Melati har in sauka. Tsagar Gobir, shida a wannan kunci, bakwai a wancan, an yi min ina jaririya ba wanda ya tambaye ni. Mace mai shirin zama Dakta ba ta bukatar a karanta asalinta a fuska.

Inna ba za ta sani ba sai na koma Sabon Birni. In ta gani ta yi faɗanta ta gama.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na ci abinci da Christy a mamak, irin gidan abincin Indiyawan nan na bakin titi. 'Yar Kafanchan ce, maƙwabciyata, bakinta ba ya shiru. Ta ce, "Ke Zuhra, kina rubuta thesis a kan zanen wasu, kina goge naki? Makan lah, ci abincinki, ban ce komai ba." To me ta ce in ba komai ba?

Talata, 15 ga Oktoba

Muhyiddeen, shugaban ƙungiyar ɗalibanmu, ya kira da rana. Wata mata ta rasu. Ɓarayin babur sun fizge mata jaka a Brickfields, ta faɗi ta bugu a kai. Fasfo da waya duk sun tafi da jakar. 'Yan sanda suna zaton 'yar Afirka ta Yamma ce, suna neman wanda zai gane ta. Ya ce mace ce, gara mace ta shiga. Matarsa na da tsohon ciki, sai ni.

Ban taɓa shiga ɗakin ajiye gawa ba. Na ce to, don kada a ce na ji tsoro.

Laraba, 16 ga Oktoba

A ɗakin ajiye gawar suka yaye mata mayafin. Dattijuwa ce, fara-fara, da lalle a yatsu. Ban san ta ba. Amma na ga kuncinta. Na ƙirga ba tare da na yi niyya ba. Shida. Na zagaya ɗaya gefen. Bakwai. Sai wani ɗan bille a gefen hanci wanda ni ba ni da shi.

Na ce wa ɗan sandan Bagobira ce. Ya ce yaya aka yi na sani. Na ciro tsumma daga jaka na goge hodar fuskata a gabansa. Ya dube ni, ya dube ta, ya rubuta.

Muhyiddeen ya ce in ɗauki hotonta a watsa a waya. Na ƙi. Uwar wani ce, ba za ta yi yawo a wayoyin mutane da kai a kumbure ba. Su Yolngu ma ba sa nuna hoton wanda ya mutu, ni na rubuta haka da hannuna a babi na biyu.

Na kira Inna ta bidiyo. Na ce irin tawa ce sak, sai bille a nan, na nuna da yatsa. Ta matso da wayar har hancinta ya cika allon. "Mi kika ce? Wajen Tsibiri zan tambaya, da Maradi. Akwai matan da ka zuwa can sayen kaya." Sannan ta ce, "Yau dai na ga huskar ɗiyata ba gari bisa." 

Juma'a, 18 ga Oktoba

Har yanzu ba labari daga Inna. Na kasa rubuta ko layi ɗaya na babi na huɗu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

An samu dangin matar! Inna ta faɗa wa ƙanwarta, ita ta faɗa a gidan suna, magana ta tsallaka iyaka. Sunanta Hajiya Larai, 'yar kasuwa ce daga Maradi, ta zo sarin mayafai da abaya. Danginta sun yi ta kiran wayarta ba ta shiga. Ofishin jakadanci da 'yan sanda da ƙungiya duk sun yi nasu, amma ni na gane ta. Ni. Zan faɗa ko ba kyau.

Ɗanta Sirajo ya kira ni ta bidiyo, babban mutum da furfura a gemu. Ya fara godiya, sai ya tsaya yana kallona. Ya rufe baki da hannu. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, huskar Innata ce nika gani." Ya yi kuka, ni ma na yi. Ban ji kunya ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Sun yarda a binne ta a nan. Na shiga wankan tare da wasu matan Malay biyu daga masallaci. Ni na wanke fuskar. Yatsana ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ruwan kafur yana gangarowa ta cikinsu. Wani wanzami ne ya yi su tana 'yar jaririya, bai san akwai wata ƙasa wai Malesiya ba. Ɗaya matar ta dube ni ta tambaya a hankali ko mahaifiyata ce. Na ce 'yar'uwa ce.

Mata ba mu je maƙabarta ba. Christy ta dafa min shayi, kuma karon farko a tarihi ba ta ce komai ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

An yi ruwa sosai da safe, ga jirgi ya cika, ga babi na huɗu yana jirana. Shi ya sa ban je asibitin ba. Sun kira, na ce zan neme su.

Da yamma na fita Titiwangsa shan iska. Hodata ta ƙare, ban samu na saya ba tukuna. Wata 'yar yarinya a bakin tafki ta nuna ni tana tambayar uwarta. Uwar ta ja hannunta tana ba ni haƙuri. Na ce ta bar ta. Na durƙusa, ta ƙirga da yatsanta da Turanci, ta ce bakwai a duka biyun. Na ce a'a, ta sake ƙirga wannan gefen da kyau.