Sirdin Chaibou

Vaulx-en-Velin, Maris 2009

Zuwa ga Yaya Illiassou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ya aikin dare a kasuwar Rungis, ya sanyi? Ya Batula da yara? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ƙanenka Chaibou, ya sa ya huta.

Na rubuto ne don da rana kana barci, kuma in na ji muryarka a talho kuka ke zo mini, irin tasa ce sak. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakar lakwal ɗina, ban yi nisa a boko ba.

Maganar ƴarka Sahadatou ce. Madame Anne, mai kulob ɗin dawakin da marigayi ya yi wa aiki, ta ce yarinya ta ci gaba da hawan goɗiyar da take koyon tsallaken shinge da ita, wadda Chaibou ke kira Hajiya saboda ci da faɗin baya. Da can sirdin kulob take ɗaurawa. Tun rasuwar nan ta ce ita sai sirdin babanta. Yaya, sirdin babban mutum ne, ita kuwa shekararta sha huɗu, ba ta da jiki. Da bakinta ta ce tana yawo a ciki kamar ludayi a ƙwarya, amma ta ƙi bari. Goɗiyar kuma da ta hango shi sai ta kwantar da kunnuwa, jiya har ta kai mata cizo wajen ɗaure mata majayi a ciki.

Ni ina takaba, ban je na gani ba. Kai ka tashi cikin dukanci a Zinder, ka san sirdi. Me ka gani?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Rékia

Bobigny, Maris 2009

Rékia,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Batula na gaishe ki. Haƙuri ya zama dole, Allah ya ba mu ladansa.

Ni dai tun yana raye na ce masa ya raba ƴa mace da tsallaken katako, ya yi mini dariya. To, ban hana yana nan ba, ba zan hana bayansa ba.

Maganar sirdi ba ta da wuya. A gida ba mu taɓa auna bayan doki ba. Sirdi ɗaya kakanmu ya hau, babanmu ya hau, dawaki suka yi ta mutuwa ana sake wasu. In ya dami doki sai a ƙara zubka a ƙarƙashi, shi ke nan. Ga wata nan na ɗinka da bargon ulu, na ninka ta da kauri. Ta shimfiɗa kafin ta ɗora sirdi. Hajiya ta ƙoshi ne, shi ya sa take iyayi.

Ku bar yarinya da kayan ubanta.

Yayanku, Illiassou

Vaulx-en-Velin, Afrilu 2009

Yaya Illiassou,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kai da iyali. Zubka ta iso, mun gode, Allah ya saka. Amma kada ranka ya ɓaci, ba ta yi ba.

Ranar Asabar goɗiya ta zo gab da shinge ta turje, Sahadatou ta wuce ta kanta ta faɗi. Alhamdu lillahi ba karaya, kafaɗa ce ta bugu. Madame Anne ta zo gida da kanta. Ta ce bayan goɗiyar ya kumbura, kuma ta yi shiru ne tun farko saboda kunyar marigayi. Yanzu ko a sake sirdi, ko ta ba wani yaro goɗiyar. Sirdin kulob ɗin ma an riga an ba wata yarinya. Sahadatou ta shige ɗaki ta ƙi abinci.

Na tambayi Malam a kan fita cikin takaba, ya ce larura ce, in je in dawo kafin magariba, sai na je ranar da mai sayar da sirdi ya zo kulob. Michel sunansa, motarsa cike da sirada. Ya ɗora na Chaibou a bayan Hajiya ba zubka, ya ce wa yarinya: "Sa hannunki a ƙarƙashi, nan wajen kafaɗa." Hannu ya ƙi shiga. Ya ce an yi sirdin ne don doki mai siririn baya, wannan kuwa faffaɗa ce, matse ta yake. Na nuna masa zubkarka. Ya juya ta, ya yaba ɗinkin sosai, sannan ya ce: "Madame, in takalmi ya matse ki, kina ƙara safa?" Rabona da dariya tun rasuwar, sai ran nan.

Ya lanƙwasa wata waya a bayan goɗiyar ya ɗauki siffarsa, ya yi ta gwada sirada. Wani ya zauna wa Hajiya amma gwiwar yarinya ta leƙo waje. Wani ya yi wa yarinya daidai amma yana lilo a bayan dabba. Da aka zo kan wani ja, wanda aka taɓa hawa, sai goɗiya ta sauke kai ta yi ajiyar zuciya. Sahadatou ta zagaya fili da shi, ta sauko tana hawaye. Ta ce: "Mama, ya yi daidai. Shi ya sa ba na son shi."

Michel ya ce zai karɓi tsohon ya ba mu wannan, in ba haka ba ƙarfinmu bai kai ba. Na ce ya dakata. Ba a raba gado ba tukuna, kuma Malam ya ce tunda marigayi bai bar ɗa namiji ba, kana da rabo a cikin sirdin nan. Ba zan bayar da abin da ba nawa ni kaɗai ba. Ni ma ba so nake ba, Yaya. In ta dawo da shi gida, a ɗakina yake kwana, har yanzu akwai ƙamshin man da yake shafa masa. Amma dabba ba ta san mutuwa aka yi mana ba, ciwo kawai take ji.

Muna jiran maganarka. A gaida Batula.
Rékia

Bobigny, Afrilu 2009

Rékia,

Wa alaikumus salam. Sannunku da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Ki ce wa ƴata ta yafe wa tsohon baduku. Batula ta karanta maganar safa, tun ran nan ba ta bar ni na sha ruwa ba.

Rabona na yafe, duniya da lahira. Ku ba shi sirdin.

Amma kafin ku bayar, ku zare likkafu da igiyoyinsu na fata, ba cikin ciniki suke ba, kuma suna shiga kowane sirdi. Sahadatou ta duba igiyoyin da kyau. Shekarar da ta fara hawa, a kan sirdin nan ne, Chaibou ya zo nan ya ari basillata ya ƙara huji a sama, don ƙafarta ba ta kai ba. Hujin a karkace suke, na yi masa tsiya na ce ɗan dukawa bai iya huda fata ba. Can ƙasa kuma za ta ga wanda ya baje, ya yi baƙi. Nan yake ɗaurawa.

Basillar ma bai maido ba. In kin gan ta, ta zama ta Sahadatou.

Illiassou

Vaulx-en-Velin, Yuni 2009

Yaya,

Assalamu alaikum. Na fita takaba lafiya. Michel ya tafi da sirdi, Sahadatou ce ta kai masa mota da hannunta, ba ta yarda na taya ta ba.

Lahadi na je na ga ta yi tsalle. Na rufe ido a shingen farko, sauran na kalla. Hajiya ba ta turje ba ko sau ɗaya.

Likkafun suna jikin sabon sirdin. Yarinya ta yi tsawo, ta wuce hujin basillarka tuni. Da ta sauko ta ɗaga fatar ta nuna mini inda take ɗaurawa yanzu. Saura huji biyu ta kai na babanta.

A gaida gida.
Rékia