Zagin da na rubuta da Turanci zai hau jikin kwalekwalen surukina

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu, ina yi muku fatan alheri. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku hau ni da zagi ku daure ku karanta har ƙarshe, domin tsanar da nake yi wa kaina a kwanakin nan ma ta ishe ni.

Ni malamar Turanci ce a wata sakandare a nan Haɗeja, ina da aure da 'ya'ya. Idan kun gan ni a hanya cikin hijabina za ku rantse ko yatsa aka sa min a baki ba zan ciza ba. To amma ina da wani shafi a Fesbuk da na buɗe da sunan namiji, babu hoto, ko maigidana bai san da shi ba. Aikin shafin nan guda ne, duk inda na ga wani ya tafka shirme sai in sauke masa kwandon Turanci a ka. Ba irin zagin da kowane ɗan firamare ya sani ba, a'a, manyan kalmomi nake zaƙulowa daga ƙamus, masu nufin daƙiƙi, dolo, wanda aka haifa kansa fanko. Da Hausa bakina ba zai iya faɗa wa ko ɗan cikina haka ba. Amma da Turanci sai in ji kamar ba zagi nake ba, kamar dai ina gyaran jarrabawa ne da jan biro. Idan mutane suka yi ta dariya a ƙasa suna cewa wannan mutumin ya sha boko, sai kaina ya kumbura. Kun ji ƙazantar zuciya ko?

Daminar bana da ruwa ya cika ya yanke hanyoyi a yankin Auyo, sai wani bidiyo ya fara yawo. Wani dattijo ne aka ɗauko daga baya, ya ɗora babur a ɗan ƙaramin kwalekwale, ya jibga buhunan taki a kai, sannan ya ɗaure igiyar ragonsa a ƙugunsa. Ana jin mutane a bakin ruwa suna ba shi baki ya raba kayan sawu biyu, ya ƙi. Ba su yi nisa ba ragon ya firgita ya zabura, jirgi ya kife. Allah ya taimaka wurin ba zurfi, ya miƙe tsamo-tsamo, hula ta bi ruwa, taki ya narke. Ba zan yi muku ƙarya ba, wauta ce, har gobe ma wauta ce. Ina ɗakin malamai na gani, ban ko tsaya kallo na biyu ba na rubuta masa abin da ya fi kifewar jirgin ciwo. Na ce tsufa bai ƙara masa komai ba sai furfura, na ce ragon ya fi shi lissafi, na rufe da wata doguwar kalma da ba zan rubuta a nan ba don za a gane ni.

Da la'asar maigidana ya shigo fuska a murtuke, ya ce Baba ya faɗa ruwa, ga wasu marasa tarbiyya can sun ɗauka suna yaɗawa. Ya miƙo min wayarsa. Sai a lokacin na kalli rigar da kyau. Shaddar da na saya wa mahaifin mijina da Sallah ce, da hannuna na kai wa tela. Baban da ya tsaya kai da fata na ƙarasa karatuna bayan aure lokacin da dangi suka ce in zauna a gida. Baban da duk kaka buhun farko na sabuwar shinkafa yake aiko min, ya ce na Malama ne. Turancin da ya tsaya min na koya, da shi na yi masa wanka a bainar jama'a.

Na shiga bayi na goge rubutun, amma ina, an riga an ɗauki hotonsa an haɗa da bidiyon. Samarin ƙauyen su Baba suka tsinci doguwar kalmar nan suka laƙaba masa. A kasuwa, a mashigin ruwa, ko'ina da ita suke kiransa suna ƙunshe dariya. Wallahi ƙyamarsu nake ji, samari majiya ƙarfi da suka tsaya ɗaukar hoto maimakon su kama wa tsoho kaya. Amma da wane baki zan faɗa? Ba ni na ba su sandar dukan ba? Maigidana kuwa rantsuwa ya yi, duk ranar da ya gano mai shafin nan sai sun kwana a gaban alƙali, ina zaune a gefensa ina zuba masa abinci.

Da muka je gaishe shi, mun same shi a zaure ya miƙe ƙafa ana shafa masa man zafi. Na durƙusa na gaishe shi, zan wuce cikin gida sai ya ce, "Malama, dakata. Akwai sunan da yaran nan suka sa min, na tambayi 'yan'uwan mijinki kowa ya ce in bari ki zo." Ya faɗi kalmar a karkace yadda harshensa ya iya, yana murmushi. Kowa a zauren ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Baba, ai yabo ne. Mai ƙarfin hali ake nufi, wanda ba ya tsoron ruwa."

Ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce ashe har yanzu da sauran 'ya'yan kirki a cikin wayar nan, ya ɗaga hannu ya sa wa wanda ya rubuta albarka, Allah ya ba shi zuri'a mai jin ƙansa. Kowa ya shafa, ni ma na ce amin. A hanyar dawowa maigidana sai godiya yake min, wai na rufa musu asiri, wai samun mace irina sai an tona. Da zan iya amayar da kaina a bakin titin nan da na yi.

Na ɗauka magana ta mutu, ashe yanzu ta fara. Baba ya sa kafinta ya haɗa masa sabon kwalekwale, kuma kun san yadda mutanenmu suke son rubutu a jikin abin hawa. Jiya ya kira ni da kansa, ya ce ya yi magana da mai fenti, sunan nan yake so a rubuta da manyan baƙaƙe a gefe da gefe. Ya ce in rubuto masa shi daidai a takarda kada mai fenti ya ɓata, domin ni kaɗai ya yarda da Turancina, kuma ranar kasuwa mai zuwa zai saka jirgin a ruwa. Maigidana ya ce in san dabarar da zan yi, tunda maganata kawai Baba yake ji.

Wace dabara ta rage min? In na yi shiru, tsohon nan zai riƙa tuƙa zagin da na yi masa a gaban duk wanda ya taɓa shiga aji, yana ɗaga musu hannu. In na gaya masa ma'anar, zai san na kalli idonsa na yi masa ƙarya, ya kuma san duk dariyar da ake masa ba ta ƙauna ba ce. In kuwa na faɗi gaskiya duka, na san halin mijina a kan mahaifinsa, ranar zan haɗa kayana. Na rufe shafin, na yi istigfari, amma hakkin mutum ai sai shi ya yafe, kuma ta yaya zai yafe abin da yake sa wa albarka?

Ga takardar nan a gabana da biro, ɗan acaɓan da zai kai masa yana zuwa gobe da safe. Jama'a, don Allah, me zan yi?