Na fasa wa yayana kai a kan sabar imel, ashe maganin masarar Baba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Baba ne shugaban ƙungiyar masu hatsi a garinmu wajen Faskari. Yanzu da kuɗin man fetur ke ta shigowa, kowane ofis sai kwamfuta, muma aka raba mana guda biyu. Ni da rawar kaina na ce ba ma buƙatar imel ɗin kowa, na mayar da ɗaya sabar imel ta kanmu, wato injin da ke karɓa da aika saƙonninmu, na ajiye ta a ɗakin baya mai ƙofar ƙarfe.

Bayan girbi sai sabar ta mutu. Na canza wayar wuta, na canza batir, na gwada wani janareto, ko ƙyaftawa ba ta yi. A cikin kwanakin nan wani kamfanin abincin kaji ya turo saƙo yana son masara, bai ji amsa ba, ya wuce wajen mutanen garin Sabuwa.

Ranar taro Yaya Sani ya miƙe ya ce ni na kashe ƙungiya da iyayina, ya kwaɗa mini mari a gaban dattawa. Wallahi idona ya rufe. Na ɗauki kujerar ƙarfe na maka masa a ka, jini har kan rigar Malam liman. Mutane suka rufe ni da duka, haƙorina ɗaya ya fita. Shi ɗinki bakwai aka yi masa, har yau ba ya amsa gaisuwata.

Da na kai injin garin Kankara, mai gyara ya buɗe, cikinsa duk ya yi baƙi ya cinye. Ya tambaye ni ko an sa ƙwayar maganin ƙwarin hatsi kusa da shi, wai hayaƙinta cin ƙarfen ciki yake. Nan take na gano. Baba ne ya jibge masararsa a ɗakin, ya sa ƙwayar da hannunsa, ya toshe taga.

Na haɗa sabuwa, tana aiki, amma Baba ya rantse a ɗakin nan za ta zauna, masarar kuma ba ta motsawa. In na yi shiru za ta sake mutuwa a sake dukana. In na faɗa, na tsinka mahaifina a gaban mutanen da suka rasa ciniki saboda shi.

Ina jin kunyar abin da na yi wa Yaya, amma na gaji da ɗaukar laifin wani. In faɗa a taro, ko in ci gaba da zama ɗan iskan da ya kashe ƙungiya?